Me Ke Hana Ruwa Kashe Injin Kwalekwalen Ceto Idan Ya Kife?

Tambaya: Na ga hoton bidiyon wani atisaye inda aka kifar da kwalekwalen ceto da gangan, injunansa biyu na baya suka nutse, sannan ma'aikatan suka miƙar da shi, suka hau, suka tayar da injunan suka tafi. Abin da na sani shi ne inji idan ya sha ruwa sai an kai shi wurin gyara. Shin waɗannan injuna na daban ne, ko kuwa akwai wata dabara da ake yi musu?

Amsa: Malam, abin da ka sani gaskiya ne, kuma abin da ka gani ma gaskiya ne. Injunan da ke bayan yawancin kwalekwalen ceto daga masana'anta ɗaya suke fitowa da waɗanda masunta da masu jigila suke saye, sai dai kafin a maƙala su ana yi musu wani aiki na musamman, wanda manufarsa ita ce injin ya jure zama a kife na ɗan lokaci, ya kuma yarda ya tashi bayan an miƙar da kwalekwalen. Ya kamata a lura da kalmar "ɗan lokaci", domin babu wanda yake ƙoƙarin sa injin fetur ya yi aiki a ƙarƙashin ruwa. Abin da ake nema mintuna ne kaɗan, kuma dukkan dabarun da zan bayyana a kan sayen waɗannan mintuna suka ta'allaƙa.

Kafin a fahimci kariyar sai an fara duba yadda injin yake a tsaye da yadda yake komawa idan ya kife. Injin bayan kwalekwale kashi uku ne: akwai kai, wanda ke cikin murfi kuma a nan silinda da fistan da filogi da kayan lantarki suke, akwai doguwar ƙafa da ke sauka cikin ruwa, sannan akwai akwatin giya da farfela a can ƙasa. Wanda ya zana injin ya gina komai ne a kan zaton cewa kai yana sama, farfela tana ƙasa. Iska tana shiga ta wata kafa a saman murfi, ruwan da ya fantsamo yana zirarewa ta ƙananan kafofi a ƙasan murfin, hayaƙi yana sauka ta cikin ƙafa ya fita ta tsakiyar farfela, ruwan sanyaya inji yana shiga ta ramukan da ke jikin akwatin giya, baƙin mai kuma yana kwance a ma'ajiyarsa a ƙarƙashin kan injin. Da zarar kwalekwale ya kife, kowace ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi sai ta juya aikinta. Kafar iska ta zama kafar ruwa, kafofin da ke fitar da ruwa su zama masu shigo da shi, hanyar hayaƙi ta zama magudanar da ke gangarowa kai tsaye zuwa silinda, farfela kuma ta koma sama tana juyawa a iska a daidai inda mutanen da suka faɗa ruwa suke.

Babban abin tsoro shi ne injin ya zuƙi ruwa alhali yana gudu, kuma ɗan lissafi zai nuna dalili. Ɗauki inji mai silinda huɗu wanda girmansa ya kai kimanin lita 1.8, irin wanda ke ba da ƙarfin doki 115. Idan yana juyi 6,000 a minti ɗaya, iskar da yake zuƙa ta kusa lita 90 a kowace daƙiƙa. Kowace silinda tana ɗaukar kimanin mililita 450, kuma idan fistan ya hau ƙarshen tafiyarsa, filin da ya rage a samansa bai wuce mililita 50 ba, wato babban cokali uku zuwa huɗu. Iska tana matsuwa, don haka fistan yake iya tura ta cikin wannan ɗan fili, amma ruwa ba ya matsuwa. Idan ruwan da ya shiga silinda ya ɗara wannan cokali huɗu, fistan zai zo da dukkan ƙarfinsa ya ci karo da abin da ba ya ja da baya, kuma sai wani abu ya karye: galibi sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, wato ƙarfen da fistan ke juyawa a cikin injin, ita ce ke lanƙwashewa, wani lokaci fistan ya tsage, wani lokaci ma sandar ta huda jikin injin ta fito. Injin da hakan ta same shi ba zai sake tashi a teku ba, ko da wa ke riƙe da shi. Amma injin da ruwa ya shige shi a tsaye cik, jiƙewa kawai ya yi, kuma jiƙa tana da magani.

Saboda haka mataki na farko, wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne kashe injin kafin kansa ya nutse. Ana sanya wani makunni mai jin karkata, wanda ke yanke wutar filogi da famfon fetur idan kwalekwalen ya wuce wani mizani na karkacewa. A da ana amfani da ɗan bututun gilashi mai ɗigon zaiba a ciki, wanda ke gangarawa ya haɗa ko ya raba wayoyi biyu, daga baya aka koma ga masu ƙwallon ƙarfe ko lilo, da kuma na'urorin lantarki marasa abin motsi a ciki. Akwai kuma igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a ƙafarsa ko jikinsa, wadda ke fizge makunni ta kashe inji idan ya bar mazauninsa, kuma kifewa ba ta cika barin matuƙi a mazauninsa ba, don haka igiyar tana zama kariya ta biyu.

Saita makunnin karkata ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Kwalekwalen ceto yakan fita ne a lokacin da sauran jirage ke gudun teku, yana hawa igiyar ruwa ya miƙe kamar zai tsaya da gindinsa, ya faɗo da ƙarfi, ya karkata gefe har bakinsa ya taɓa ruwa, sannan ya dawo. Idan makunnin ya cika saurin ji, zai kashe inji a daidai lokacin da matuƙi ke bukatar ƙarfinsa don ya fuskanci igiyar da ke tafe, kuma kwalekwalen da injinsa ya mutu a cikin igiyar ruwa mai fashewa yakan juya gefe, wanda shi ne yanayin da ya fi jawo kifewa. Ka ga garin neman gira an rasa ido. Idan kuma makunnin ya cika jinkiri, injin zai sha ruwa yana gudu. Don haka ake saita shi a kan karkatar da ta kai matsayin da ba a sa ran kwalekwalen zai dawo da kansa, ana kuma yin sa yadda jijjiga da buguwa kaɗai ba za su motsa shi ba.

Ko da a ce ruwa ba zai shiga ba, akwai wasu dalilai uku da ke wajabta kashe injin. Na farko farfela, wadda ba ta san ma'aikaci ba. Na biyu famfon ruwan sanyi, wanda fukafukansa na roba ne kuma ruwan da yake turawa shi ne ke sanyaya shi, don haka idan ya yi gudu a bushe na ɗan lokaci kaɗan sai ya ƙone, kuma injin da aka ceto daga ruwa zai zo ya mutu da zafi bayan an miƙe. Na uku famfon baƙin mai, wanda a kife iska kawai zai zuƙa.

Mataki na biyu shi ne toshe kan injin. Murfin da ya zo daga masana'anta an yi shi ne don kare feshin ruwa da ruwan sama, don haka ana sauya robar da ke bakinsa da wadda ta fi kauri, a ƙara maƙallai masu matse shi, a bi duk inda waya ko tiyon fetur ko igiyar giya ta ratsa a liƙe. Kafofin da ke fitar da ruwa a ƙasa ana sa musu bawul mai hanya ɗaya. Kafar iska kuwa ba za a iya liƙe ta ba tunda da ita injin ke numfashi, sai a sa mata ƙofar da ke rufe kanta idan an kife, ko dai marfi mai nauyi da ke faɗawa a bakin kafar, ko ƙwallo a cikin keji, ko bawul ɗin da makunnin karkata ke saki. Masu wannan aiki sun fi son abin da nauyinsa kaɗai ke motsa shi, domin ba ya jiran batir kuma ba ya da wayar da gishiri zai ci.

Akwai abin da ke taimaka wa mai toshewa, akwai kuma abin da ke yaƙarsa. Abin da ke taimakonsa shi ne kan injin ba ya nisa a cikin ruwa, bai cika kai mita ɗaya ba, kuma matsin ruwa a zurfin mita ɗaya kashi ɗaya ne cikin goma na matsin iskar da muke shaƙa, wanda roba mai kyau za ta iya tarewa. Abin da ke yaƙarsa shi ne zafi. Injin da ya yi gudu yana da zafi sosai, iskar da ke cikin murfinsa ma haka, kuma da ruwan sanyi ya lulluɓe murfin sai iskar ta huce ta tsuke, injin ya riƙa tsotsar ruwa ta duk wata kafar da aka bari, komai ƙanƙantarta. Shi ya sa gwajin da aka yi wa inji mai sanyi a cikin kwandon ruwa ba ya gamsar da ni. Mutum zai iya nutsar da inji mai sanyi ya ciro shi a bushe, ya ɗauka aikinsa ya yi kyau, alhali da injin yana da zafi da labarin ya sha bamban.

Ƙofar da masu koyo suka fi mantawa da ita ita ce ta hayaƙi. Ban da babbar hanyar da ke fita ta farfela, akwai wata ƙaramar kafa a bayan injin, ƙasa kaɗan da murfi, wadda hayaƙi ke bi idan injin yana aiki a hankali kuma ba shi da ƙarfin tura ruwan da ke cikin ƙafa. A kife wannan kafa tana cikin ruwa, kuma tazarar da ke tsakaninta da silinda gajera ce. Ita ma babbar hanyar ba ta tsira ba, domin ruwan da ke cikin ƙafa a lokacin kifewa zai gangaro, igiyar ruwa kuma za ta riƙa watsa wani ta bakin farfela. A inji mai silinda huɗu, duk inda ya tsaya akwai silinda ɗaya da bawul ɗin hayaƙinta ke buɗe, don haka ruwan da ya iso yana da mashiga. Maganin shi ne a sa bawul ko marfi a kan waɗannan hanyoyi, wanda zai jure zafi da gishiri da dattin hayaƙi, kuma ba zai shaƙe injin ba a lokacin aiki. Wannan ɓangare ya fi kowanne wahala, kuma shi ne ya fi bukatar dubawa akai-akai, tunda baƙin hayaƙi yakan taru ya hana marfi zama daidai.

Sai batun baƙin mai, wanda ya bambanta gwargwadon irin injin. Inji mai bugu biyu, wato irin wanda man shafawarsa ke tafiya tare da fetur, ba shi da tafkin mai a cikinsa, don haka kifewa ba ta zubar masa da komai. Rauninsa shi ne cakuɗar fetur da iska tana bi ta ɗakin karanshaf kafin ta hau silinda, saboda haka duk ruwan da ya shiga ta kafar iska sai ya wanke boris ɗin karanshaf, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, kuma waɗannan ƙananan ƙarafa suna fara tsatsa cikin sa'o'i idan ruwan gishiri ya taɓa su aka bar su a iska. Inji mai bugu huɗu yana da lita da dama na baƙin mai, kuma a kife man yakan malalo zuwa kan injin, ya bi bututun numfashin ɗakin karanshaf ya shiga hanyar iska, ya kuma tsiyaya ta gefen fistan. Shi ma mai ba ya matsuwa, don haka zai iya kulle fistan kamar yadda ruwa ke yi. Ana magance wannan da bawul a bututun numfashi da shingaye a cikin ma'ajiyar mai, amma duk da haka ɗan kaɗan yakan wuce, kuma shi ne dalilin hayaƙi mai kauri da ake gani a mintunan farko bayan an tayar da injin da ya kife. Wannan hayaƙi ba alamar lalacewa ba ce matuƙar yana raguwa.

Fetur da lantarki ba a jikin injin kaɗai suke ba, amma idan suka gaza, aikin da aka yi wa injin ya tashi a banza. Tankin fetur mai tauri yana bukatar kafar shaƙar iska, kuma ita ma ana sa mata bawul ɗin da ke rufewa a kife, don kada fetur ya fita ko ruwa ya shiga. Ƙananan kwalekwale da yawa suna amfani da tankin roba mai laushi, wanda ke motsewa yayin da fetur ke raguwa, don haka ba ya bukatar kafar iska ko kaɗan, kuma wannan na cikin dabarun da suka fi burge ni saboda sauƙinsa. Batir kuwa ana zaɓar rufaffe wanda ruwansa ba ya zuba, a ɗaure shi tamau a akwati marar shigar ruwa, a liƙe mahaɗan wayoyi a shafe su da man da ke korar ruwa. Ruwan teku yana ɗaukar wuta sosai saboda gishirinsa, don haka wayar da ke tsirara a cikinsa za ta riƙa zubar da cajin batir tana kuma cinyewa. Injunan zamani masu kwamfutar sarrafa fetur sun fi tsofaffin masu kafireta, wato na'urar da ke cakuɗa fetur da iska, jure karkata, tunda ba su da buɗaɗɗen kwanon fetur a kowace silinda, amma sun fi dogara da batir, kuma babban inji ba a tayar da shi da igiyar hannu cikin sauƙi.

Duk waɗannan tare ba su wuce jinkirta ruwa ba, saboda haka rabin kariyar injin tana cikin saurin miƙar da kwalekwalen. Misalin da ya fi shahara shi ne na ƙungiyar RNLI, wadda aka kafa a 1824 kuma take aikin ceto a gaɓar tekun Birtaniya da Ayalan. Kwalekwalenta masu ƙasa mai tauri da gefen roba mai iska sun samo asali ne daga gwaje-gwajen da aka yi a Kwalejin Atlantic da ke kudancin Wales a shekarun 1960, ƙarƙashin shugabanta Desmond Hoare, wanda tsohon babban hafsan sojan ruwa ne, kuma daga nan sunan Atlantic da ake kiran waɗannan kwalekwale da shi ya fito. Atlantic 21 ya fara aiki a 1972, Atlantic 75 ya biyo baya a 1993, sannan Atlantic 85 a 2005. Wannan na ƙarshe tsawonsa ya kusa mita takwas da rabi, yana ɗauke da injunan Yamaha biyu masu bugu huɗu, kowanne mai ƙarfin doki 115, kuma yana gudun kimanin kilomita 65 a sa'a. A cibiyar ƙungiyar da ke East Cowes a tsibirin Wight ake haɗa waɗannan kwalekwale, ake kuma yi wa injunansu aikin jure kifewa.

A bayan irin wannan kwalekwale akwai wani firam na ƙarfe da ya yi baka a saman injunan, kuma a ƙololuwarsa akwai jakar roba a naɗe, haɗe da tulun gas. Idan aka kife, firam ɗin ya koma ƙasa. Ma'aikata sukan taru a bayan kwalekwalen, su tabbatar kowa ya fito daga ƙarƙashi, su riƙe igiya su ja baya don kada ya faɗo musu, sannan ɗayansu ya ja hannun da ke sakin gas. Jakar ta kumbura a can ƙarƙashin ruwa, ta nemi hanyar tasowa, ta juyo da kwalekwalen cikin daƙiƙoƙi. Mai tambaya zai iya cewa me ya sa ba a sa jakar ta kumbura da kanta ba, tunda an damu da lokaci. Dalilin shi ne kwalekwalen da ya miƙe kafin mutanensa su shirya zai iya buge wanda ke gefensa, ko iska ta tafi da shi ta bar su a ruwa, domin a miƙe yana gudu gaban iska fiye da yadda mutum zai iya iyo. An yarda inji ya ƙara minti ɗaya ko biyu a ruwa saboda mutane. Ana koyar da wannan tsari a kwalejin ƙungiyar da ke Poole, wadda aka buɗe a 2004, inda ake da tafkin da ke tayar da igiyar ruwa ana kifar da kwalekwale a ciki.

Akwai kuma wata hanyar tunani ta daban, wadda ta fi dacewa da ƙananan injuna. Maimakon a kashe ƙarfi wajen hana ruwa shiga, sai a yarda zai shiga, a tanadi yadda za a fitar da shi da gaggawa. Ƙaramin kwalekwalen roba na RNLI da ake kira ajin D, wanda asalinsa ya fara aiki a 1963, tsawonsa kimanin mita biyar ne, yana da injin Mariner guda ɗaya mai ƙarfin doki 50, kuma ma'aikatansa da hannu suke miƙar da shi ta hanyar hawa bayansa su ja igiya da nauyin jikinsu, sannan su bi matakan da aka koya musu su sake tayar da injin. Kamfanin Barrus na Ingila ya yi suna wajen ƙera tsarin sake tayar da injunan Mariner bayan nutsewa, don masu ceto da sojojin ruwa. Ƙa'idar irin waɗannan tsare-tsare ɗaya ce ko da kayan sun bambanta: a buɗe wa ruwan da ke cikin silinda da ɗakin karanshaf hanyar fita, a juya injin ba tare da wuta ba har ya tofar da shi, a zubar da fetur ɗin da ya gauraya da ruwa a tura sabo, sannan a rufe a tayar. A injin da ba shi da irin wannan tsari, haka ake yi ta hanyar kwance filogi, sai dai kwance filogi da sanyayyun hannuwa a kwalekwalen da igiyar ruwa ke wurgi da shi ba abu ne da za a dogara da shi ba. A nawa ra'ayi, wannan hanya ta fi gaskiya ga ƙaramin inji mai bugu biyu, domin ba ta dogara da cewa kowace roba za ta riƙe ba, amma ba ta yi wa babban inji mai bugu huɗu, wanda ruwa zai gauraya da baƙin mansa.

Manyan jiragen kasuwa da na fasinja ma suna ɗauke da kwalekwalen ceto, kuma su doka ce ta tsara musu. Bayan nutsewar jirgin Estonia a tekun Baltik a watan Satumba na 1994, inda mutum 852 suka rasu, an gyara yarjejeniyar SOLAS ta kiyaye rayuka a teku, aka wajabta wa jiragen fasinja masu ɗaukar motoci su riƙe kwalekwalen ceto mai sauri. Ƙa'idojin Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya sun ce irin wannan kwalekwale ya zama mai miƙewa da kansa, ko wanda mutum biyu daga ma'aikatansa za su iya miƙarwa, kuma injinsa ya mutu da kansa ko ta makunnin gaggawa na matuƙi idan aka kife, ya kuma iya tashi bayan an miƙe. Sun kuma ƙayyade cewa fetur ko man shafawar da zai zuba a lokacin kifewa kada ya wuce mililita 250. Mai lura zai ga dokar ba ta ce injin ya ci gaba da gudu a kife ba, abin da ta nema shi ne ya tsaya, ya riƙe mansa, ya sake tashi.

Bayan an miƙe an hau, akwai kuskure ɗaya da ke rushe komai, wato gaggawar danna makunnin tayarwa. An taɓa kawo mini injin da ya nutse a kashe, babu abin da ya same shi sai jiƙa, amma mai shi ya danna makunni yana ganin ko zai tashi, injin tayarwa ya tura fistan a kan ruwa, sanda ɗaya ta lanƙwashe. Da ya kwance filogi tukuna, da aikin rabin yini ne. Saboda haka ma'aikatan da aka horar sukan bi tsari: su ba ruwa da mai lokaci su gangara, su tabbatar babu mutum ko igiya kusa da farfela, su mayar da igiyar matuƙi da makunnin karkata, su duba ko injin yana juyawa ba tare da cijewa ba, sannan su tayar da ɗaya bayan ɗaya. Abu na farko da ake dubawa idan ya tashi shi ne ɗan siririn ruwan da ke fita a bayansa, wanda ke nuna famfon sanyi yana aiki. Inji ɗaya ya isa ya fitar da kwalekwale daga inda igiyar ruwa ke fashewa, kuma wannan na cikin hikimar ɗaukar biyu.

Tashin injin a teku ba ya nufin ya warke. Da an iso tudu ana wanke shi ciki da waje da ruwa marar gishiri, a zubar da baƙin mai a duba ko ya yi fari kamar madara, wanda ke nuna ruwa ya gauraya da shi, a sauya mai da matatarsa fiye da sau ɗaya ana gudanar da injin a tsakani har man ya fito da tsabta, a buɗe mahaɗan wayoyi a busar, a sauya matatar fetur, a gwada matsin kowace silinda domin sandar da ta ɗan lanƙwashe takan ɓoye kanta a ƙarancin matsi. Ƙungiyoyin da ke da hali sukan cire injin gaba ɗaya su sa wani, a kai wancan wurin gyara a warware shi. Idan inji na yau da kullum ne ya nutse a ruwan gishiri kuma babu makaniki a kusa, shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce a nutsar da kan injin a ruwa marar gishiri har a samu mai gyara, tunda tsatsa tana tsananta ne idan jiƙaƙƙen ƙarfe ya haɗu da iska. Su kuwa robobi da bawul-bawul da makunnin karkata, ana duba su ne a kan jadawali ko da kwalekwalen bai taɓa kifewa ba, domin rana da gishiri suna busar da roba, kuma duk lokacin da aka cire murfi don sauya mai ko filogi sai an tabbatar robar bakinsa ta koma mazauninta babu tsaga kafin a matse maƙallan.